Komai Nisan Jifa

Shekara talatin ina haƙar rijiya,
daga Gwammaja har bayan Kurna.
Na san nauyin guga cike da laka,
na san yadda igiya ke cin tafin hannu
idan abin da ka ɗaga ya matsu ya koma ƙasa.

Da gwiwa ta gaza sai na koma gadi
a tsohon kamfanin man gyaɗa na Bompai,
inda injuna suka mutu tun gemuna yana baƙi.
Hasumiyar ta zama gadon tantabaru,
ƙarfen ƙofa kuwa abincin tsatsa.

Ran nan wata yarinya ta zo da hular kwano,
Injiniya Hindatu, 'yar Yakasai.
Ta ɗaga kai tana duban hasumiyar
kamar mai shirin taya rago.
Ta ce, Baba Ilu, tsawonta ƙafa nawa?
Na ce, ni zurfi na sani, 'yata,
sai ki tambayi tantabarun da ke bisa.

Suka shimfiɗa farantan sola a rufin sito.
Suka kwaɓa siminti da ɓaraguzan tsohon gini,
suka yi curi goma sha biyu,
kowanne ya fi motar yashi nauyi,
suka ɗaura musu waya mai kaurin damtsena.
Ni dai ina kan benci da butata,
ina cewa a raina, kuɗi sun sami filin wasa.

Da hantsi, rana ta fara cizo,
sai inji ya yi gyaran murya.
Curin farko ya ɗaga
a hankali, kamar tsoho zai bar tabarma.
Kafin la'asar duk sun hau,
suna rataye cikin duhun hasumiya,
ba hayaƙi, ba warin mai, ba motsi.
Na ce, to, ina wutar?
Ta ce, tana cikin ratar da ke tsakaninsu da ƙasa.

Ban gane ba sai bayan isha'i.
Wutar gari ta ɗauke yadda ta saba,
aka sassauta birki,
curi ya fara saukowa taƙi bayan taƙi,
waya na juya inji.
Ƙwan fitila ya buɗe ido a shagon Sagir tela,
keke ya ci gaba da surutunsa,
firijin ɗakin shan magani ya dawo numfashi,
mai shayi ya kashe janareto
har muka ji kukan kwaɗi daga nesa.

Sai na tuna ranar da guga ya kuɓuce wa yarona.
Igiya ta zare da gudu,
ta yi zafi har ta saɓule masa fata.
Ashe wuta muke ta zubarwa a rijiya
ba mu sani ba.

Ana cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.
Da can gargaɗi nake ji a ciki,
maganar da ake yaɓa wa mai girman kai.
Hindatu ba ta musa ba,
faɗuwar kawai ta sa wa linzami.

Ba kullum ake dacewa ba.
Cikin Agusta hadari ya kwana biyu a kanmu,
curi huɗu kacal suka hau.
Kafin sha ɗayan dare sun sauka,
Sagir ya ciji tocila a baki
yana ɗinki yana yi wa gajimare tsaki.

Yanzu da asuba nakan zagaya,
in tarar da su zaune, su goma sha biyu,
sun gama biyan bashin jiya.
Nakan dafa ɗaya, sanyi ƙalau,
in ce, sannunku da aiki,
ni ma na san gajiyar hawa da sauka.
Sai rana ta leƙo ta kan rufin sito,
waya ta miƙe,
in janye ƙafata da butata,
in ba su hanya zuwa bisa.